Lokotoro Mamani da Kwanonin Dela

Wata bakwai Mamani ya yi yana aikin planto a wata farmasi a Maraɗi. Aikinsa shara ne, da sauke kwalaye daga mota, da sayo wa mai farmasin shayi. Da aka sallame shi ya dawo Dakoro sanye da farar riga mai aljihu uku da biro biyu a saƙale, yana gaya wa duk wanda ya tsaya gaishe shi cewa shi ya ajiye aikin da kansa, don babu sauran abin da za su koya masa.

"Magani ba karatu ba ne, ido ne," in ji shi a fadar shayi ta gindin bedi. "Ni in na dubi ƙwaya sau guda, na san inda za ta tahi cikin jiki. Mai hwarmasin ma ni yake tambaya in ya rikice."

"Mi yake tambayarka?" in ji Halidu direba.

"Abubuwa da yawa. Ba na ku ba ne."

Don tsokana aka fara kiransa Lokotoro, wato likita. Shi kuwa ya amshi sunan hannu biyu.

A cikin satin ne mai unguwa, Malam Idrisa, ya sanar cewa gidan likita na neman rele, wato mutumin unguwa da zai riƙa zagayawa gida-gida yana faɗakar da jama'a kan sha'anin lafiya. Majo Fadimata, shugabar gidan likitan, za ta zo da kanta nan da kwana goma, a taru a ƙofar mai unguwa a zaɓa.

Mamani ya koma gida da sauri ya tarar da matarsa Dela tana tankaɗe.

"An buɗe mani aiki," in ji shi. "Amma ni ba da baki zan nema ba. Kahin Majo ta zo, za ta iske na warkar da rabin unguwa."

"Da mi?"

"Da abin da ke ƙarƙashin katihun mutane. Wane gida ne babu sauran magani? Wannan ya sha rabi ya ji sauƙi ya aje, wancan ya saya ya manta. Dukiya ce kwance tana lalacewa."

Washegari ya ɗauki buhu ya shiga unguwa. Wasu mata suka ba shi don su rabu da tarkace, wasu don su rabu da shi. Kafin la'asar buhun ya yi rabi. Ya zauna tsakar gida, ya jawo kwanonin Dela guda huɗu, ya shiga ɓare ƙwayoyi daga ledojinsu yana rabawa. Farare kwano guda, jajaye kwano guda, masu ruwan ɗorawa kwano guda. Na huɗun ya zuba duk abin da ya fi ƙarfin bayani, manya da dogaye da masu siffar harsashi.

Dela ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, tana iya karanta abin da ke jikin kwali. Ta tsaya a kansa da rariya a hannu.

"Malam, sunan maganin a jikin kwali yake, da ranar da yake lalacewa. In ka raba su, ta ƙaƙa za ka gane wane ne wane?"

"Kwali ake sha?"

"A'a."

"To. Ja na jini ne. Ɗorawa na shawara ne da ƙarhin jiki. Hwari na kai ne da duk inda ke ciwo. Waɗanda sunka yi maganin ba mahaukata ba ne da za su sa mashi launi a banza."

"Wancan na huɗun hwa?"

"Na manyan mutane ne."

Dela ta ajiye rariya. Ta share kwalayen da ledojin ta zuba a kwando ta kai kicin, don hura wuta.

Halidu direba ne ya fara zuwa, tun da safe, yana dafe da ƙugu. Motar haya yake ja tsakanin Dakoro da Maraɗi, hanya ta cinye masa baya. Mamani ya sa shi ya fito da harshe, ya duba, ya girgiza kai kamar ya ga abin da ya daɗe yana zato. Ya tsoma hannu a kwanon farare ya zaɓo ƙanana biyu.

"Sha yanzu. Kahin ka kai Kornaka ka manta kana da baya."

Hakan kuwa aka yi, Halidu ya manta da bayansa. Ko fita gari bai gama ba fitsari ya matse shi. Ya tsaya, ya zaga bayan geza, ya dawo. Ba a yi nisa ba ya sake tsayawa. A tsayawa ta biyar wata tsohuwa ta tambaya ko motar ce ke zafi. A ta takwas fasinjoji suka daina tambaya, suna ganin ya rage gudu sai su ce, "Ga wata sabara can, direba, ta hi kusa." Wani mai rago da ya so ya riski kasuwa ya sauka ya hau amalanke, kuma ya riga su isa.

Da yamma Halidu ya faɗo gidan Mamani ko sallama bai gama ba, leɓɓansa a bushe.

"Sau goma sha ɗaya na tsaya kahin Kornaka. Mi ka ba ni?"

"Bayan hwa?"

"Ban sani ba, ban samu lokacin jin shi ba."

"To ka gani," in ji Mamani, ya juya ga maƙwabtan da suka leƙo. "Ciwon ne ya narke ya bi ta hitsari. A Maraɗi sai an yi sati ana jiran wannan sakamako."

Wasu suka yi dariya, amma wasu suka gyaɗa kai, kuma labarin masu gyaɗa kan ne ya kai kunnen Zakiru.

Zakiru ɗan kokowar unguwa ne, ƙato, wuyansa kamar turmi. Ranar Lahadi zai kama da wani ɗan kokowa daga Rumbu wanda ya taɓa kayar da shi, kuma duk unguwa ta ƙwallafa rai a kan ramuwa. Ya zo da safiyar ranar ya durƙusa gaban kwanoni.

"Lokotoro, na ƙarhi nake so."

Mamani ya jawo kwanon ɗorawa. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu santsi da sheƙi.

"Mutum irin Halidu guda ya ishe shi. Kai jikinka ya yi uku nashi. Ka sha guda huɗu."

Da la'asar fili ya cika, makaɗa suna ta zuga Zakiru. Ya shigo da layu da guraye yana taka ƙasa, Mamani na biye da shi cikin farar riga yana ɗaga wa jama'a hannu. Aka sa su. Zakiru ya sunkuya ya cafki ƙafar ɗan Rumbu, ya ɗaga ta, saura kaɗan ya kifar da shi. Sai aka ga ya tsaya cak. Ya saki ƙafar a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ya miƙe, ya matse cinyoyi, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya keta ta tsakiyar makaɗa da wani irin gudu na gajerun taku, ya ɓace bayan katangar lakwal.

Ɗan Rumbu ya tsaya shi kaɗai a fili yana duba ƙafarsa. Alƙali ya jira, ya ƙara jira, ya ɗaga masa hannu.

"Ƙarhin ne ya yi mashi yawa," in ji Mamani ga na kusa da shi. "Da bai hita ba, da ya karya yaron mutane." Yana faɗa yana ja da baya, don ya hango 'yan'uwan Zakiru suna nemo farar riga da ido. Kwana biyu bai je fada ba.

Cikin kwanakin ne surukarsa, Inna Uwale, ta zo daga Ajekoriya ganin ɗiyarta. Tsohuwa ce mai ciwon sukari, shekara shida tana shan maganinta bisa takardar likita, ƙwaya ɗaya kafin abincin safe. A ƙulle yake cikin ɗan gwangwani a bakin zanenta. Ana gobe taro, da ta shiga wanka da sassafe ta ajiye gwangwanin a kan tabarma. Mamani ya gani, ya buɗe, ya ga farare ne, ya ɓare su duka ya juye a kwanon farare, ya gauraya da hannu don su saba da 'yan'uwansu.

Da ta zo karyawa, tsohuwa ta buɗe gwangwani ta ga wayam. Dela ta fito tsakar gida da kwalin maganin, wanda ta tsinta a bakin randa.

"Malam, ina maganin Inna?"

"Yana cikin jama'a. A ce da Inna ta kwantar da hankalinta, yanzu ta samu likita a gida." Ya debo farare uku a tafin hannu, ya durƙusa daga bakin ƙofa don kunyar surukuta, ya miƙa ta hannun Dela. "Ta zaɓi wanda ranta ya kwanta da shi."

Daga cikin ɗaki Inna Uwale ta yi magana, ba da shi ba, da ɗiyarta.

"Dela, ki gaya ma mai gidanki ni ba kaza ba ce da za a watsa mani tsaba in tsattsaga. Nawa nake so, mai sunana a takarda."

"Dukkansu hwarare ne, Inna."

"Gishiri ma hwari ne. Ya zuba shi a shayinshi."

Haka tsohuwa ta wuni ba magani. Dela ta ce gobe in an tashi daga taro za ta kai ta gidan likita a sake rubuta mata. Ta soke kwalin a bakin zanenta.

Ranar taro, tun hantsi bai ɗaga ba, Mamani ya je gaida mai unguwa don ya share hanya. Ya tarar da Malam Idrisa yana dafe da goshi.

"Kaina ke sarawa tun asuba," in ji dattijon. "Ko kunu ban iya sha ba."

"Ranka ya daɗe, ai ka kira ni." Mamani ya zaro farare biyu daga aljihu. "Wannan sababbin zuwa ne, jiya-jiya sunka shigo."

Malam Idrisa ya kora su da ruwa, ya sa masa albarka.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙofar gidan ta cika. Maza a kan tabarmi, mata daga gefen katanga, mai unguwa a kujerarsa. Majo Fadimata ta iso a kan babur, mace gajera mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta fara bayanin aikin rele ke nan sai ga Mamani ya ratso taro, ɗauke da faranti a ka, kwanoni huɗu a jere. Ya sauke a gabanta ya buɗe murafe ɗaya bayan ɗaya.

"Madam Majo, kada ki wahalar da kanki da zaɓe. Abokin aiki ne a gabanki."

Majo ta gyara tabarau ta leƙa kwanonin. Ta daɗe tana kallo.

"Ina kwalayensu?"

"Na sauƙaƙa aiki."

"Wannan na mi ne?" Ta nuna wata 'yar ƙaramar fara.

"Ciwon kai."

"Wannan hwa?"

"Shi ma."

"Wannan?"

"Ciwon kai mai tsanani."

Kafin ta sake magana wani dogon mutum mai rawani ya miƙe daga baya. Attaher ne, makiyayi, mai kawo raguna kasuwa.

"Ni ina da shaida," in ji shi. "Shekaranjiya zazzaɓi ya kama ni, Lokotoro ya ba ni irin wancan mai kama da harsashi. Na tauna. Kamar na ci kyandir, har yanzu dasashina da maiƙo. Ina so a tambaye shi, haka ake yi ko da shayi ake korawa?"

Majo ta ɗauki ɗaya daga kwano na huɗu ta ɗaga.

"Wannan ka tauna?"

"Shi."

"Malam Attaher, wannan ba ta baki ake shan shi ba."

"Ta ina?"

Ta matsa kusa ta faɗa masa a hankali. Ba ta yi hankalin da ya isa ba, don na gaba sun ji, sun mayar wa na baya. Dariya ta tashi daga tabarmar maza ta faɗa gefen mata. Attaher ya ja rawani ya rufe bakinsa har zuwa ido, ya tsaya yana kallon Mamani ba ƙiftawa.

"Ta ko'ina aka bi, ciki guda za a," in ji Mamani da sauri. "Ku bar wannan. Ku ga na manya." Ya zaro wata ƙatuwar fara mai faɗin kwabo. "Wannan ko a Maraɗi sai manyan ma'aikata. Don ku san ban ba ku abin da ba ni sha, ga shi."

"Kada ka sa shi a baki, a ruwa ake..." in ji Majo.

Ya riga ya jefa, ya tauna sau biyu. Abin ya fara tsuwa a bakinsa. Ya rufe leɓɓa, kumatu suka kumbura. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, kumfa ta ƙi. Ta fito ta gefen baki, ta gangaro gemu, ta sauka kan farar riga. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai wata ta biyo.

"Mahaukacin kare ya cije shi," in ji wata mata, ta suri ɗanta. Na gaba suka watse, wani malami ya fara tofa addu'a daga nesa, Halidu kuwa ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Mamani na tsaye yana ɗaga yatsa alamar a dakata, ga gyatsa na fita ɗaya bayan ɗaya.

Dela ce ta lura da mai unguwa. Kowa na kallon mijinta, ita ta ga dattijon ya zame a kujera, carbi ya faɗi daga hannunsa. Gumi ya jiƙa masa riga, hannuwansa na rawa, yana motsa baki maganar ba ta haɗuwa.

"Majo, dubi Baba."

Dariya ta mutu. Majo ta durƙusa gabansa, ta taɓa wuyansa, ta kira sunansa. Ya dube ta kamar bai san ta ba.

"Ya sha wani abu yau?"

Mamani ya goge baki da hannun riga.

"Na ba shi biyu. Na ciwon kai."

"Waɗanne?"

Ya durƙusa gaban kwanon farare. Sun fi ɗari uku, masu tsaga da marasa tsaga, ƙanana da matsakaita. Ya ɗauki ɗaya ya ajiye, ya ɗauki wata.

"Hwarare ne," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na ga hwarare ne. Sunansu nake tambaya. In ban san abin da ya sha ba, ban san abin da zan yi mashi ba."

"Ya ce mani sababbin zuwa ne, jiya sunka shigo," in ji uwargidan mai unguwa daga bakin zaure, tana kuka. "Kuma bai ci komi ba tun sahe."

Dela ta zaro kwali daga bakin zanenta.

"Abin da ya shiga kwanon nan jiya guda ne. Maganin sukarin innata."

Majo ta karanta kwalin sau ɗaya.

"A kawo sukari da ruwa, maza. Baba, kana jina? Kana iya haɗiya?"

Ya gyaɗa kai da ƙyar. Mai shayin fada ya zo da gwangwanin sukarinsa gaba ɗaya. Majo ta dama, ta tallafo kan dattijon, tana ba shi kaɗan-kaɗan. Taro ya yi tsit, ba a jin komai sai gyatsar Mamani, wadda yake ta ƙoƙarin dannewa. Bayan ɗan lokaci rawar hannun ta ragu. Malam Idrisa ya buɗe ido sosai ya dubi mutane.

"Wa ya ci zaɓen?" in ji shi.

"Ba a yi ba tukuna, Baba," in ji Majo. "Gidan likita za mu. Maganin nan yana daɗewa a jiki, sukarinka na iya sake sauka. Sai mun sa maka ido har gobe."

Halidu ya kawo motarsa. Aka sa mai unguwa a gaba, Inna Uwale a baya don a sake rubuta mata nata. Kafin Majo ta hau babur ta juye kwanoni huɗun a buhu ta ƙulle bakinsa da kanta, ta juyo ga jama'a.

"Da ya koma ɗaki ya kwanta ba wanda ya gani, da yanzu wata magana ake. Maganin wani ba naka ba ne, ko ciwonku ya yi kama. Wanda aka rubuta ma magani ya sha shi yadda aka ce, ya bar shi cikin kwalinshi. Wanda ya rage, ku kawo muna." Ta dubi Dela. "Ke, kina karatu?"

"Kaɗan."

"Ya isa. Ki zo ranar Litinin."

Babu wanda ya ce a ƙirga hannu. Mata suka yi guɗa, Dela ta tattara kwanoninta ta tafi wanke su da toka.

Malam Idrisa ya kwana ɗaya aka sallamo shi. Da Mamani ya je ba da haƙuri, ya daɗe durƙushe a zaure kafin dattijon ya ce ya yafe, da sharaɗin ya tuɓe rigar nan ya ba mai gidan burodi, can ta fi amfani.

Bayan sati guda ciwon haƙori ya kama Mamani, kumatu ya kumbura. Ya roƙi Dela ta duba masa ko da ƙwaya ɗaya a jakar aikinta. Ta ce jakarta takardu ne a ciki, ta nuna masa hanya. Ya tafi gidan likita ya bi layi kamar kowa, a kan benci, da tsohuwar rigarsa ta shadda.

Wani baƙauye da ke kusa da shi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zaro takarda da ƙullin magani daga aljihu.

"Ba kai ne Lokotoro ba? An ce ka yi aiki Maraɗi. Duba mani wannan, sau nawa ake sha?"

Mamani ya gyara zama. Ƙirjinsa ya taso, ya karɓi takardar, ya riƙe ta nesa da ido, ya yi gyaran murya. Da ya ɗaga kai sai ya ga Zakiru zaune a bencin da ke fuskantarsu, ya kawo mahaifiyarsa awo, ya harɗe hannuwa a ƙirji yana jiran ya ji amsa.

Mamani ya ninke takardar a hankali ya mayar wa mai ita.

"Shiga ka tambayi Majo," in ji shi. "Yau ba ni aiki."